Yadda ake tafiyar da aikin ginin al'umma ba tare da ya tsaya a linta ba

Duk wanda ya zaga unguwannin Marwa ko Garwa a arewacin Kamaru ya san irin ginin da nake nufi. Bango ya kai linta ya tsaya, rodi ya leƙo sama ya yi tsatsa, ciyawa ta cika ɗakin da aka ce ajin yara ne, awaki na kwana a ciki. In ka tambaya sai a ce maka kuɗi ne suka ƙare. Na riƙe littafin kwamiti a ayyuka da dama, daga ajin Islamiyya zuwa katangar maƙabarta da rumbun ajiyar albasa, kuma abin da na gani da idona shi ne, yawanci abin da ke cinye kuɗin matsala ce da kowa ya san tana iya zuwa, amma ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda aka damƙa wa tsaronta. Damina ba baƙuwa ba ce. Tashin farashin siminti ma haka.

Zan yi misali da ginin aji biyu na makarantar unguwa da kuɗin karo-karo. Tsarin ɗaya ne ko rijiyar burtsatse ce ko shago.

Kayan da za ka tanada

Babban littafi mai bango mai ƙarfi, mai shafi kamar 200. Ka sa wa kowane shafi lamba tun ranar farko, don kada wani ya yage ganye a rasa. Ka raba shi gida huɗu: ayyuka, kuɗi, ko-ta-kwana, da abin da aka zartar a taro.

Littafin rasit mai kwafi biyu, ɗaya ga mai bayarwa, ɗaya ya zauna a hannun ma'aji.

Farin kwali babba ko allon makaranta, rula, da biro kala biyu.

Kalanda mai ɗauke da kwanan wata na Musulunci da na boko.

Tef ɗin awo, da waya mai ɗaukar hoto. Ka buɗe zauren WhatsApp na 'yan kwamiti kaɗai.

In akwai mai kwamfuta a cikinku, Excel ko Google Sheets sun isa ga lissafi, GanttProject kuma kyauta ne ga mai son zana jadawali. Amma littafin takarda shi ne uwa. Mun san yadda wuta ke yi mana a arewa idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da bazara, ga wayar da ke faɗawa ruwa ko a sace.

Sai mutane biyar: shugaba, ma'aji, magatakarda, mai sa ido a wurin aiki kullum, da wani da ya san gini wanda ba shi ne zai yi ginin ba. Idan babu injiniya, ku nemi tsohon magini da ya ajiye cokali. Kada mutum ɗaya ya haɗa ajiyar kuɗi da sayen kaya, ko da liman ne. Wannan kariya ce ga mutuncinsa.

1. Rubuta abin da za a yi, da abin da ba za a yi ba

Shafi ɗaya tak. Aji biyu, kowanne mita 9 da mita 7, bulon siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe ɗaya da taga huɗu a kowane aji, daɓe da yaɓe ciki da waje. A ƙasa ka ja layi ka rubuta: babu katanga, babu ofis, babu jan wuta a wannan zango. Kowa ya sa hannu.

Wannan layin na ƙasa shi ne mutane ke raina wa. Ranar da bango ya fara tashi sai wani dattijo ya ce, "Tunda dai an fara, a ƙara ɗan ofishin malamai mana." Magana ce mai kyau, amma simintin rufin aji ne za ta ci. Idan da takarda a hannu, sai ka ce, "Baba, mun ji, za mu sa shi a zango na biyu," ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

2. Gama da maganar fili kafin a sayi ko ƙusa

Idan kyauta aka ba da filin, a rubuta, magada su sa hannu, jauro ko lawanin unguwa ya shaida, a kafa alamun iyaka maƙwabta na tsaye. Ku je ofishin magajin gari ku nemi izinin gini. In kwamitinku zai daɗe yana tara kuɗi, ku yi masa rajista a ofishin prefe, wato babban jami'in gwamnati na yankinku, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ta 19 ga Disambar 1990, don ku iya buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Ku kuma haƙa rami ku ga ƙasar. In baƙar laka ce irin ta karal da ake shuka masakwa, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, tushen gini zai buƙaci zurfi da rodi fiye da na jigawa. Gara ku san haka yanzu da ku gani a tsagar bango bayan shekara biyu.

3. Farfasa aikin gunduwa-gunduwa

Ba a haɗiye rago ɗungurungum. Ka zauna da magini ka jera komai: share fili, awon igiya, haƙar tushe, tara yashi da tsakuwa, buga bulo, ƙulla rodi, zuba tushe, ɗora bango, zuba linta, katakon rufi, kwano, ƙofa da taga, yaɓe, daɓe, fenti, kwashe shara. Ƙa'idata ita ce, duk guntun da zai wuce mako ɗaya a sake raba shi. Gaban kowanne ka rubuta suna ɗaya na wanda za a tambaya. Ka guji rubuta "kwamiti" ko "matasa". Aikin da aka ba kowa, ba wanda zai yi.

Kada ka manta da ayyukan da ba a gani a bango: kawo ruwa, gadin kaya da dare, abincin 'yan gayya, ban ruwa ga kankare. Su ne aka fi mantawa a ƙiyasi.

4. Ɗora ayyukan a kan kalanda

Ɗauko kwalin nan. A gefen hagu ka jera ayyukan daga sama zuwa ƙasa, a sama ka jera makonni. Gaban kowane aiki ka ja layi mai kauri daga makon farawa zuwa makon gamawa da shuɗin biro. Jan biro na abin da ya faru a zahiri ne, za ka riƙa ja a ƙarƙashin shuɗin kowane mako. Wannan zane shi ake kira jadawalin Gantt, da sunan wani injiniyan Amurka, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Amfaninsa shi ne ko wanda bai yi boko ba, in ya ga ja ya gaza shuɗi, ya san an makara.

Kada ka karɓi kwanakin da magini ya faɗa maka da farko, domin ranar da komai ya tafi daidai yake lissafawa. Ka yi masa tambaya uku: in komai ya yi kyau kwana nawa, a al'ada kwana nawa, in abubuwa sun cuɗe kwana nawa. Sai ka haɗa na farko da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu, ka raba gida shida. A ce buga bulo ya ce 6, 10, da 20. Shida da arba'in da ashirin sun zama 66, a raba shida, kwana 11. Shi za ka rubuta.

Daga nan ka nemo ayyukan da suke jere kamar raƙuman ayari, wanda in na gaba ya tsaya duk na baya sun tsaya: tushe, bango, linta, rufi, yaɓe. Ka zagaye su. Kwana ɗaya da aka rasa a cikinsu, kwana ɗaya ne aka ƙara wa ranar gamawa. Ƙera ƙofa da taga kuwa na iya jinkirin mako biyu ba abin da ya taɓu, muddin sun iso kafin yaɓe. Idan kuɗi ko ma'aikata sun yi ƙaranci, ayarin nan ake fara ciyarwa.

Akwai kwanakin da ba a roƙonsu. Kankare na buƙatar ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, in ba a rufe shi da buhu mai laima ba sai ya ƙone ya yi gari. Bulon da aka buga jiya ba a ɗora shi yau.

Yanzu ka ɗauko kalandar garinmu ka ɗora a kai, daga baya zuwa gaba. A yankin Marwa ruwa na sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba, a Garwa yana riga haka, a Ngaundere kuwa tun Afrilu. Dole kwano ya hau kafin ruwan farko, da ratar mako uku aƙalla, domin iskar farkon damina ita ce mai yaye rufin da ba a gama ɗaurewa ba. Yashin da ake ɗiba a cikin mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, da zarar ruwa ya taho tifa ba ta shiga. Leburori na komawa gona da saukar ruwa, su sake ɓacewa lokacin dashen masakwa. Ka duba inda azumi da Sallah biyu suka faɗo, tunda kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. A watan azumi rabin aikin yini za ka lissafa. Mafi kyawun lokacin farawa a wurina shi ne Nuwamba: ƙasa ta bushe, rijiyoyi da sauran ruwa, sanyi na taimakon kankare, ga kuɗin kaka a hannun jama'a.

5. Kasafin kuɗi

Ka karɓi ƙiyasi daga magina uku, kowa a rubuce, kaya daban, ladan aiki daban. Ka gwada da naka lissafi. Murabba'in mita ɗaya na bango na cin bulo 12 zuwa 13, kankaren ginshiƙi da linta kuma buhu 7 na siminti mai kilo 50 yake ci a kowace mita mai cika, wato kubik. In wani ya kawo farashin da ya faɗo ƙasa da na sauran nesa, to a siminti ko a rodi zai fanshe.

A ƙasan jimla ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuɗin ko-ta-kwana. Ba a taɓa su sai da sa hannun mutum uku, kuma sai don abin da ke rubuce a mataki na gaba. Ka sa har da kuɗin cirewa na Orange Money ko MTN, da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa turawa da cirewa tun Janairun 2022. Ƙanana ne, amma a taron ƙarshe su ne ke hana lissafi haɗuwa.

Babban kuskure a nan shi ne lissafa alkawari a matsayin kuɗi. Ka yi layi biyu: abin da aka yi alkawari, da abin da ya shigo hannu. Da na biyun ake gini. Kada a fara wani zango sai kuɗinsa sun cika, kuma a yanka zangunan yadda in an tsaya ginin ba zai lalace ba. Idan abin da ke hannu ba zai kai aji biyu ga rufi ba, a gama ɗaya yara su shiga. Masu bayarwa sun fi sakin hannu idan sun ji karatu na tashi.

6. Zaman ko-ta-kwana

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka tara kwamiti da magini da tsohon maginin nan, har da direban tifa in zai zo, da mata biyu daga masu ɗibar ruwa a unguwa, domin sun fi kowa sanin watan da rijiya ke ƙafewa. Tambaya ɗaya za ka yi: a ce Yuni ya yi ginin nan bai ƙare ba, me ya hana?

Karo na farko da na yi wannan, a gindin darbejiya bayan La'asar, wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, ba a fara aikin alheri da mugun fata. Ka ce in sha Allahu kawai." Wuri ya yi tsit. Liman ne ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ai da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure ta kuma ya dogara. Igiya ce yaron nan yake nema." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sannan shi ne ya fara kawo ta farko: ɗan marigayin da ya ba da filin yana Injamena, bai sa hannu ba. Da bai faɗa ba, ba wanda ya sani a cikinmu.

A sashen ko-ta-kwana ka ja layi shida: abin da ake tsoro, yiwuwarsa, nauyinsa, alamar da za ta nuna yana tafe, abin da za a yi, da sunan mai tsaronsa. Yiwuwa ka ba ta maki 1 zuwa 3, nauyi ma haka, ka ninka su. Mai 6 ko 9 a yi masa magani a wannan makon. Mai 3 ko 4 a sa masa ido. Mai 1 ko 2 a rubuta a wuce. Kada ka rubuta kalma ɗaya kamar "siminti". Ka rubuta cikakkiyar magana: "Idan siminti ya yanke a kasuwa a Fabrairu, zuba linta zai tsaya mako biyu."

Magani iri huɗu ne. Ko ka kauce wa abin gaba ɗaya, kamar matsar da gini daga hanyar ruwa. Ko ka rage shi, kamar tara yashi duka tun Janairu. Ko ka ɗora wa wani, kamar yarjejeniyar cewa mai kawo kaya ne ke da asarar duk abin da ya fashe a hanya. Ko ka karɓe shi ido buɗe, ka ware masa kuɗi.

Ga waɗanda ba na rasa su a littafina a wannan yanki.

Hanya. Siminti muna da masana'antarsa kusa, a Figil tsakanin Garwa da Marwa, amma rodi da kwano da yawa daga kudu suke zuwa, jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere, sauran tafiyar ta mota ce. Gada ɗaya in ta karye an yanke ku. Gadar Palar a Marwa ta rufta a daminar 2020, ta Yagwa ta bi ruwa a Satumbar 2024. Duk kaya mai nauyi ya iso kafin Mayu.

Mai da canji. Lokacin da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, farashin zuwa-zuwa, wato man fetur da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ya yi tsalle a nan, kuɗin dako ya bi shi. Gwamnatin Kamaru ma ta ƙara kuɗin lita a Fabrairun 2023 da Fabrairun 2024. In kana sayen kaya daga Mubi, farashin naira na wannan makon ba na makon gobe ba ne. Ka nemi mai kaya ya rubuta kwanakin da farashinsa zai tsaya.

Ajiyar siminti. Saye da yawa na kare ka daga tashin farashi, amma yana buɗe wata ƙofar. Na taɓa asarar buhu goma sha ɗaya da muka jingina da bango a ɗakin da ke yoyo, muka buɗe muka tarar da duwatsu. Na daɗe ina jin nauyin wannan, domin kuɗin zawarawa da masu tallan ƙosai na ciki. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada tsayinsa ya wuce buhu goma, kada ya wuce wata uku a ajiye, a ƙirga kowace yamma.

Mutum ɗaya. In rabin kuɗin daga attajiri ɗaya ne, ko magini ɗaya ne ya san komai, ka rubuta shi da maki 9. Ciwo, tafiya, karayar kasuwa, ba sa sallama.

Rauni. Rami a buɗe da yaran unguwa, tsani mai rawa, rodi a tsaye ba a rufe kansa ba. A kewaye wurin da igiya ko zana, a kuma amince tun farko wa zai biya magani idan lebura ya faɗo.

A wuraren da ke kusa da iyaka, wajen Mora ko Kolofata, ka ƙara maganar tsaro: kada a yi yawo da tsabar kuɗi, kada a sanar da ranar biyan ma'aikata a bainar jama'a.

7. Yarjejeniya da magini

A rubuce, da shaidu biyu, ko da ɗan'uwanka ne, musamman ma in ɗan'uwanka ne. A biya bisa zango: an gama tushe an duba, a biya, bango ya kai linta, a biya, kwano ya hau, a biya. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 20 na ladan aiki. A riƙe kashi 10 har sai ginin ya sha damina ɗaya, kamar yadda ake riƙe wa 'yan kwangilar gwamnati. Ku sayi kaya da kanku. Ku ma ku cika naku: magini da aka hana haƙƙinsa ranar da aka ce zai tafi wani aikin, kuma da gaskiyarsa.

8. Zaman mako-mako

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, a wurin ginin, a tsaye, minti talatin. Mu Juma'a bayan La'asar muke yi. Mai sa ido ya faɗi abin da aka gama, a ja jan layi a kwali. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a ƙirga buhunan da suka rage a gwada da littafi. Sannan a buɗe sashen ko-ta-kwana, kowane mai tsaro ya ce alamarsa ta bayyana ko ba ta bayyana ba, a soke wanda ya wuce, a ƙara sabo.

Ka riƙa gwada abu biyu: kashi nawa na kuɗi aka kashe, kashi nawa na aiki aka yi. In an ci rabin kuɗi bango bai kai taga ba, a tsaya a bincika a ranar. Kuma kada ka yarda da "saura kaɗan". Aiki ko an gama ko ba a gama ba.

Duk wani sauyi, ko na ƙara taga ɗaya ne, a rubuta kuɗinsa da kwanakinsa kafin a ce to. Hoton kowane zango a tura zaure, musamman rodin tushe da na linta kafin a zuba kankare, domin bayan an zuba ba mai sake ganinsa. Ƙarshen wata a manna taƙaitaccen lissafi a ƙofar masallaci. Idan ma'aji bai iya rubutu ba, ɗalibi ya rubuta masa, a karanta a gabansa ya dangwala.

9. Karɓar aiki

Ku zaga da takardar mataki na ɗaya a hannu, layi bayan layi. A buɗe kowace ƙofa a rufe, a watsa bokitin ruwa a daɓe a ga inda yake kwanciya, a shiga da rana tsaka a ɗaga kai a nemi hasken da ke ratsa kwano. Abin da ya rage a rubuta, a ba magini mako biyu. A karanta lissafin ƙarshe a gaban jama'a, a faɗi abin da ya saura na ko-ta-kwana da inda za a kai shi, a kuma naɗa wanda zai riƙa duba rufi da magudanar ruwa kowace shekara kafin damina.

Kashi goman magini na nan a hannun ma'aji. A watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, ku koma ku duba kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi da wuraren ƙusa. In babu tsaga babu yoyo, a kira shi a ba shi kuɗinsa cif a ranar, ya sa hannu a shafin ƙarshe. Littafin kuma a damƙa wa wanda zai riƙe zango na biyu.